Ƙamshin Da Ya Riga Shi Isowa

Auta tana tsaye a ƙofar falon Yayanta, da safiyar Asabar, sai 'Yar Baffa ta shigo da sauri ta rungume ta.

"'Yar'uwata... kin ga yadda kika rame kuwa? Sannu. Allah ya ƙara sauƙi."



Fuskar Auta na cikin mayafin 'Yar Baffa, abin da ta shaƙa a wurin kuwa ya sa ta dafa ƙofa. Sandal ne, da miski kaɗan, da ɓawon lemu da aka shanya a inuwa, da wani abu na huɗu da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ita ta haɗa wannan turare da hannunta. Kwalba ɗaya tak ta yi, ta ba mutum ɗaya.

"Lafiya? Ko jiri ne?"

"Jiri ne," in ji Auta.

Aka kawo mata kujera ta zauna.

Wata huɗu ta yi a kwance. Zazzaɓi ne ya fara kamar wasa, ya kai ta asibiti, da ya tashi tafiya kuma sai ya tafi da hancinta. Ta warke, amma ba ta jin ƙamshi, ba ta jin wari. A wurin wata wannan ƙaramin abu ne. A wurin Auta kuwa sana'a ce gaba ɗaya, don shekara uku ke nan ita ke haɗa turare a shagon saurayinta, wanda kowa ke kira Mai Turare. Shi yana gaba yana sayarwa, ita tana ɗakin baya a tsakanin kwalabe fiye da ɗari, kowace ta san ta ko da ido a rufe. Manya sun riga sun yi maganar aurensu kafin ta kwanta.

Da aka sallame ta, Yaya ya ce kowa ya taru a gidansa daga Juma'a zuwa Lahadi, a ci a sha, Auta ta sha iska. Umma ta zo. Kaka ta zo da sandarta da 'yar rediyonta wadda ba ta kama komai sai shuuu, amma ba ta yarda a kashe.

Jiya da yamma Umma tana ɓare lemu kusa da ita, sai kawai hancin ya buɗe, kamar an ture tagar ɗakin da ya daɗe a rufe. Ta kusa sakin ihu. Ta danne, don so take Mai Turare ya fara jin wannan albishir. Ya gaya mata a waya cewa ya yi tafiya sayo kaya, sai Lahadi zai dawo ya zo ya gan ta.

Saboda haka duk gidan ba wanda ya sani.

'Yar Baffa ta sunkuyo tana gyara mata matashi, Auta ta sake shaƙa a hankali. Ba fesa turaren aka yi a mayafin ba. Layi ne siriri, ya taso daga kafaɗa ya gangaro ta ƙirji zuwa ƙugu. Daidai inda bel ɗin kujerar gaba yake kwanciya. A mota Mai Turare yake ajiye kwalbar, kullum kafin ya tayar sai ya fesa sau biyu, bel ɗin nan ya sha ya ƙoshi. Ɓawon lemu kuwa ba ya wuce awa ɗaya yake gudu. Ga shi nan bai gudu ba.

"Wa ya kawo ki?"

"Motar haya mana... kin san wahalar hanya. Sau biyu muka tsaya."

"Sannu," in ji Auta.

Can Yaya ya shigo daga waje yana dariya, ya dafa kanta.

"Autar Umma, yau sai kin cinye faranti biyu a gabana."

Tafin hannunsa na dama ma yana ɗauke da ƙamshin. Sun gaisa da Mai Turare ke nan, a bakin titi, inda ba za a hango motar daga gida ba.

Auta ta ɗaga kai ta dubi Yayanta. Yana ta murmushi.

Da rana aka shimfiɗa tabarma a falo. Anti, matar Yaya, ta cika wurin da kwanuka. Kowa sai tura wa Auta nama yake. Umma ta zuba mata, Yaya ya ƙara, 'Yar Baffa ta yanka mata ƙanana kamar mai ciyar da jaririya.

"Ke tsinke," in ji Kaka, "ki ci ko iska ta daina kallonki da sha'awa. Ni da na ba ki shekara sittin na fi ki cika riga."

"Rigar ce ta yi miki kaɗan, tsohuwa."

Aka yi dariya, har ta wuce yadda maganar ta cancanta. Auta ta lura duk lokacin da ta ambaci shago, sai wani ya tambayi gishiri.

Bayan la'asar ta sami Kaka ita kaɗai a bayan gida, ƙarƙashin bishiya, tana ba kunkurun Yaya ganye. Wannan kunkuru ya girmi duk 'ya'yan gidan, kuma ba ya cin komai sai in an juya masa baya.

Auta ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafarta.

"Kaka, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Shi da 'Yar Baffa."

Ganyen ya faɗi daga hannun tsohuwar. Rediyo na ta shuuu.

"Wane mai dogon baki ne ya gaya miki?"

"Ba kowa. Hancina ya dawo tun jiya. Na ji shi a mayafinta, na ji shi a hannun Yaya."

Kaka ta yi salati a hankali.

"Mu da muka saki jiki... Ni da bakina na ce yarinyar nan ta sake mayafi kafin ta shigo. Uwarki ta ce a bar ta, ai Auta ba ta ji."

"Umma ma ta sani."

"Kowa ya sani, ƙawata. Kin san halin gidan nan, ba a kai wa mai jinya magana mai nauyi. Lokacin da kakanku ya kwanta, wata biyu muna ɓoye masa rasuwar ƙaninsa, har gaisuwa muke kawo masa daga wurin mamacin. Cewa muka yi sai kin yi ƙiba tukuna."

"To gaya mini yanzu, a ramen."

Kaka ta gaya mata. Da Auta ta kwanta, 'Yar Baffa ce ta ce za ta riƙe mata ɗakin baya, ta karɓi littafin da take rubuta haɗe-haɗenta. Ita ce kuma ta je ta ce wa mahaifiyar Mai Turare wai likita ya ce hancin ba zai dawo ba har abada, ciwon ma yana iya komowa. Uwar ta ce ɗanta ba zai auri jinya ba. Ya yi ta jan ƙafa wata guda, daga nan ya aiko wurin Baffa neman auren 'yarsa.

"Likita bai taɓa faɗin haka ba," in ji Auta.

"Na sani."

"Shi kuma bai je ya tambayi likitan ba?"

Kaka ta shafa mata kai.

"Kaka, kada ki gaya wa kowa zancen hancina. Sai gobe."

"Bakina ƙanin ƙafata. Amma ki yi kuka, yarinya, kada ya taru a ciki."

"Sai gobe," Auta ta sake cewa.

Ranar Lahadi da hantsi ya iso. Aka sa masa kujera a baranda, aka ja labule, kowa ya koma falo ya yi kamar yana da abin yi.

Ya yi kyau. Abin da ya fara ba ta haushi ke nan.

"Hasken idona... kin ganki kuwa? Kin warware sarai."

"Ya hanya?"

"Hanya lafiya. Jiya da dare na shigo."

"Ka sha wahala."

"Saboda ke ai ba wahala, rabin raina."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ya juya makullin mota a hannunsa, ya sake juyawa.

"Akwai maganar da nake so mu yi... amma Yaya ya ce ba yanzu ba."

"Yi ta yanzu."

"Kin san Hajiyata. In ta kafe a kan abu..."

"Na san ta."

"Kuma shago... shago ba ya jira, Auta. Mutane suna zuwa, ni ban iya haɗi ba. Da aka ce mini hancinki ya tafi ke nan, sai na rasa inda zan sa kaina. Wallahi ban daina sonki ba. Ko minti ɗaya."

"Amma ka aika wurin Baffa."

Makullin ya faɗi ƙasa. Bai ɗauka ba.

"An gaya miki."

"Ba a gaya mini ba. Miƙo hannunka."

Ya miƙo, yana zaton riƙewa za ta yi. Ta sunkuya kaɗan, ba ta taɓa shi ba.

"Ka biya ta shago kafin ka zo. Ka taɓa haɗin kwalba ta tara, wanda matan ofis suke so. An cika masa kanumfari, an kuma zuba sandal tun bai huce ba, shi ya sa yake warin tsohon akwati. Ka sha shayi da citta. Jiya kuma ba ka yi tafiya ko'ina ba, da safe ka sauke 'Yar Baffa a bakin titin nan."

Ya miƙe tsaye. Ya koma ya zauna.

"Ya dawo..."

"Tun shekaranjiya. Na ɓoye wa uwar da ta haife ni don kai ka fara ji."

Sai ta ga fuskarsa ta washe. Murna ce ta gaske, har idonsa ya kawo ruwa, ya matso da kujerarsa.

"Alhamdulillahi! To ai shi ke nan, masoyiyata, komai ya gyaru. Yau ɗin nan zan je wurin Hajiya. Maganar Baffa ba ta yi nisa ba, za a iya janyewa. Kin san mutum nawa suka dawo da kwalba ta tara? Littafinki ba ya aiki a hannun kowa, ta bi shi layi-layi amma abin ba ya fitowa. Gobe ma in kina da ƙarfi..."

Ya tsaya, don ya ga yadda take kallonsa.

Da ya yi mata ƙarya ba ta ji zafi kamar wannan murnar ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji ta. "Da bai dawo ba fa?"

"Auta..."

"Da na zauna a nan yau ban ji komai ba, na yi ta yi maka murmushi. Me za ka ce mini?"

Ya sunkuya ya ɗauki makullin. 

Ta jira shi. Ta ba shi lokaci mai yawa, fiye da yadda ya kamata, don har a lokacin wani ɓangare na zuciyarta yana roƙon ya samo ko da ƙarya ce mai kyau.

Bai samo ba.

"Wata huɗu ina kwance ina tunanin in na rasa hancina na rasa sana'ata," in ji ta. "Ban taɓa kawowa a raina har da kai a ciki ba."

"Ki yi mini rai, hasken idona. Kuskure ne."

"Ka auri 'Yar Baffa. Ta yi wahala a kanka, har likita ta zama."

Ta miƙe. Jiri ya ɗebe ta, na gaske wannan karon, ta dafa bango. Ya kawo hannu, ta kauce.

"Turaren da kika yi mini," ya ce da wata ƙaramar murya, "ya kusa ƙarewa. Ba ya cikin littafin. Na duba."

"Ba ya ciki."

"Na huɗun... mene ne?"

"Ka yi tattalin wanda ya rage."

Ta ɗaga labule ta shiga.

Duk suna falo, ba mai motsi. Yaya yana kallon silin. 'Yar Baffa tana tsaye a jikin bango, kusa da labulen fiye da kowa, fuskarta kamar an watsa mata toka. Ta buɗe baki za ta yi magana.

"Ki rage kanumfari," in ji Auta, ta wuce ta.

Umma ta taso.

"Don ke muka yi, Auta. Tsoro muka ji kada ciwon ya dawo."

"Na sani, Umma."

"Ki ce wani abu mana, 'yar nan. Ko faɗa ne ki yi mana."

Auta ta dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka kwana biyu suna tura mata nama. Tana son su, kuma a wannan lokacin ba ta son ganin ko ɗayansu.

"Anti," ta ce, "tukunyarki tana kamawa. Tun ɗazu nake ji."

Anti ta kwasa da gudu zuwa kicin. Umma ta rufe bakinta da hannu biyu.

Kaka ta matsa gefe a kan doguwar kujera. Auta ta je ta zauna, ta kwantar da kanta a cinyar tsohuwar. A waje motar ta daɗe ba a tayar da ita ba. Sai da ta ji ƙarar ta tashi, ta yi nisa, ta ɓace, sannan ta bar kukan ya zo.