Ranar da Mounira Ta Buɗe Baki

Jini a rigar Mounira, jini a hannun uwarta Hindou, wadda ke durƙushe a ɗakin asibiti! Ga ɗan sanda a bakin ƙofa, ga ma'aikaciyar hukumar kare yara ta zo tafiya da yarinyar... Wayyo Hindou, marainiyar Allah, ba uwa ba uba, miji kuma ƙasa ta rufe masa ido bara!

Tun rasuwar ubanta Mounira ta daina magana. Malamar makarantarsu kan dafa Hindou ta ce, "All in good time," wato ta kwantar da hankalinta, bakin zai buɗe idan lokacinsa ya yi. Amma Hajiya Salwa, yayar marigayin, wadda ta daɗe tana neman ƙwace 'yar ƙaninta, ta kafe cewa linzami ne ya ɗaure harshen, yanke shi za a yi kamar yadda ake yi a Damagaram. Hindou ta ƙi. Yau ta dawo daga aikinta na ɗaurin kwalaye a wani kamfani da ke Wendover, nan ƙasar Turawa inda suke zaune, ta shiga wanka, ta fito ta tarar an tsaga ƙarƙashin harshen 'yarta da reza!

Yanzu kuwa ga Hajiya tana matse ido, ko ɗigon hawaye babu. "Uwar ce ta yanke ta, da idona na gani. Ku ba ni yarinyar, jinina ce."

"Yaya, ki ji tsoron Allah..." Hindou ta ɗaga hannu sama. "Ya Rabbi, ba ni da shaida sai Kai!"

Hajiya ta miƙa hannu za ta ɗauki yarinyar. Mounira ta zabura, ta ƙanƙame wuyan uwarta, kuma daga bakin nan mai ɗinki wata siririyar murya ta fito.

"No! Gwaggo ce... she cut me. Reza tana jakarta."

Ɗan sandan ya zazzage jakar, sai ga reza naɗe cikin hankici mai jini. Da ankwa aka fita da Hajiya, gyalenta na jan ƙasa, Allah wadaran mugun hali!

Hindou ta rungume 'yarta tana kuka kamar ranta zai fita. "Sake magana, 'yata, ko kalma ɗaya..."

Mounira ta share mata hawaye da ɗan tafinta. "Mama, mu tafi gida."