Motar Marigayi a Bakin Gada

Wata biyu da rasuwar maigidana, naƙuda ta kama 'yata bayan isha'i. Ba mu da abin hawa sai tsohuwar motarsa ta tsere mai kujera biyu, wadda shi kaɗai ya san halinta. Duk na gaji da duniya, amma na ɗauki makulli.

A bakin gada motar ta yi tari ta mutu. Na yi ta taka totur har warin fetur ya cika mana hanci. 'Yata tana ta cewa, "Umma, ki yi wani abu."

Sai ga wani dattijo a gefena, ban ji takunsa a kan tsakuwa ba. Ya buɗe bonet, ya shafa kafireta, ya dafa injin da zafinsa bai janye hannu ba.

"Kin shaƙe ta da mai, baiwar Allah. Danne totur ƙasa, ki murɗa."

Ta tashi.

"A kwanar gaba kar ki taka birki, bayanta zamewa yake."

Na ce, "Baba, ina ka san motar nan?"

"Ban san ta ba. Mai ita ne ya aiko ni. Ya ce in kika ga fuskarsa ba za ki iya tuƙi ba."