Teburin Baba da Makahon Inji

Akwai wata yarinya da kowa ke kira 'Yar Baba. Mahaifinta ya rasu bara, amma sunan bai bar ta ba.

An rabar da kayansa duka. Abin da ya rage shi ne ɗan teburin da yake shan shayi a kai. Ƙafafun sun karye, sai katakon saman kawai. A tsakiyarsa akwai zagayen tabo, inda Baba ke ajiye kofinsa kullum.

A makarantarsu an kawo sabon injin sassaƙa, an kafa shi a ɗakin koyon kafinta. Kai dai ka zana abu a kwamfuta, shi kuma ya sassaƙa maka a jikin katako. Yara sun sa masa suna Makaho, kuma Malam ne ya ja masa.

"Wannan inji ba shi da ido," in ji Malam. "Bai san inda katako ya fara ba, sai an nuna masa. Kuma ba ya musu. Ko ɓarna ka sa shi, yi zai yi."

Da 'Yar Baba ta koma gida sai ta sami mahaifiyarta.

"Umma, ki ba ni katakon Baba. Zan rubuta sunansa a jiki, mu rataye a falo."

Umma ta dubi katakon.

"Shi kaɗai ya rage mana fa."

"Na sani, Umma. Zan kula da shi."

Umma ta goge katakon da gefen zanenta, sannan ta miƙa mata.

Washegari Malam ya taya ta shiri. Suka ɗaure katakon tam a kan injin. Suka sa tabaran kare ido. Malam ya sauko da bakin injin a hankali, har ya ɗan taɓa saman katakon.

"Nan ne mafari," ya ce. "Daga nan zai auna zurfin da zai shiga."

Ya ɗaga bakin sama, ya sa injin ya yi rubutun a iska don gwaji. Komai ya tafi daidai. Ana cikin haka aka aiko kiran Malam daga ofis.

"Kada kowa ya taɓa komai sai na dawo," ya ce, ya fita.

'Yar Baba ta zuba wa bakin injin ido. Gajere ne, ga kauri. A ranta ta ce, sunan Baba guda da wannan ƙaton baki? Sai ta hango wani siriri, dogo, a cikin akwati. Ta sha ganin yadda Malam ke canjawa. Ta ɗauki sifana.

"Ke! Ba ki ji abin da Malam ya ce ba?" in ji ƙawarta.

"Ai an riga an nuna masa mafari. Baki kawai zan canja."

Ta canja kuwa. Zumuɗi ya hana ta jira, ta danna koren maɓalli.

Sabon bakin ya fi tsohon tsawo, amma Makaho bai sani ba. Ya sauko da ƙarfinsa, ya nutse cikin katakon, ya ja ta tsakiya yana ƙara. Ƙas! Bakin ya karye. Ƙawarta ta yi wuf ta danna jan maɓalli.

Malam ya shigo a guje.

"Akwai wanda ya ji ciwo? Ku nuna mini hannuwanku!"

Babu wanda ya ji. Amma tsakiyar katakon ta dagargaje. Tabon kofin Baba ya zama gari.

"Duk sanda aka canja baki, sai an sake nuna masa mafari," in ji Malam. "Da kin jira, da na faɗa miki. Kuma da guntun ƙarfen nan ya sami idon wani fa?"

Ya hana ta taɓa injin har ƙarshen wata, ya sa ta sharar ɗakin. Horon bai dame ta ba. Fuskar Umma take tunani.

Tana shiga gida, ƙanenta Auta ya tare ta. Ya juya katakon, ya sake juyawa.

"Yaya, ina wurin kofin Baba?"

Sai hawaye suka zubo mata. Umma ta karɓi katakon, ta shafa ramin da yatsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta shige ɗaki, suka jiyo tana kuka a hankali. Da duka ta yi mata, da ya fi sauƙi.

Da Umma ta fito, 'Yar Baba ta durƙusa a gabanta.

"Umma, ki yafe mini. Ba laifin injin ba ne. Malam ya ce a jira, ni na ƙi."

"Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba," in ji Umma. "Amma kin faɗi gaskiya. Tashi, na yafe miki."

Da wata ya ƙare, Malam ya ce ta dawo da katakon. Ya duba shi da kyau.

"Tsakiya ta tafi, ba ta dawowa. Amma gefuna lafiya lau suke. Kuna da hoton mahaifinku?"

Wannan karon ba ta yi sauri ba. Ta nuna wa injin mafari. Ta yi gwajin iska. Ta tambayi Malam ko ta danna, ta kuma sake tambaya.

"Danna mana, kafin mu tsufa a nan!" in ji Malam, yara suka yi dariya.

Injin ya yanke ɓatacciyar tsakiyar, ya bar firam mai kyau. Umma ta ciro hoton Baba daga akwatinta, ta saka a ciki. Auta ya tsaya yana kallo.

"Umma," ya ce, "Baba ya dawo teburinsa."

Umma ta jawo su duka biyun ta rungume, tana murmushi da hawaye a idonta.

Tun daga ranar 'Yar Baba ta gane: in an ce ka jira, ka jira. In ba ka sani ba, ka tambaya. Wani abin in ya ɓaci, ba ya komawa yadda yake.