Ruwan da Jar Mota Ta Sha

Ƙamshin turaren wuta bai gama fita daga falon Ummu Mishari ba aka ji wata ƙara a ƙofar gida, wani irin gurnani da sai da ya motsa kofunan gahawa a kan faranti. Wadha, matar ɗanta, tana tsugune tana jera dabino, sai ta ɗago kai. Ta san wannan ƙarar. Irinta ta ji ranar da yayanta Dhari ya fita daga gidansu na garin Jahra yana ɗaga mata hannu, aka dawo da shi a lulluɓe.

"Ta iso! Wallahi ta iso!" Jawahir, yayar mijinta, ta zabura ta yi waje tana jan mayafi. Kullum tana gidan, kamar ba ta da nata.

Ja ce motar, jawur, ta kwanta a ƙasa kamar wadda ke shirin kai cafka. Mishari ya fito daga ciki bakinsa har kunne. Shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifiyarsa, kuma aurensa da Wadha ko shekara bai yi ba. Abokin Dhari ne, tare suka yi tseren mota a hanyar sahara, kuma ranar da ya zo neman aurenta sai da ya dafa ƙirji ya ce ya bar wannan harka har abada.

"Yumma, ki sa albarka," ya ce, ya sumbaci kan mahaifiyarsa ya danƙa mata makullin. Tsohuwar ta karɓa tana "Masha Allah, tabarakallah," amma idonta na kan maƙwabtan da suka leƙo ta tagogi.

A kan ledar cin abinci, ana tsakiyar cin majbus, wato dafa-dukan shinkafa da naman rago, Jawahir ta taɓe baki.

"To amarya, ke ba za ki ce a kashe lafiya ba? Kin haɗe rai kamar an kawo miki gawa."

Kalmar ta soki Wadha. Ta ajiye cokali.

"Ka yi min alkawari, Mishari."

"Haba Wadhu! Ba tsere zan yi ba, sha'awa ce kawai. Sabuwa ce fil, ga garanti. Ko ƙusa ce ta kwance, kamfani zai gyara."

"Garantin zai dawo da mutum? Motar Dhari ma tana da garanti!" Hawaye suka kece mata, bakinta ya riga hankalinta. "Allah ya sa ta lalace kafin ta lalata ka!"

Jawahir ta dafe ƙirji.

"Kun dai ji da kunnenku," ta ce a hankali.

Washegari bayan sallar Asuba, Wadha ta ɗaga labulen ɗakinta na sama. Gari ya fara haske. Sai ga surukarta a tsakar gida, riƙe da galan ɗin ruwan Zamzam da take yi wa tofi, tana kewaya motar tana yayyafawa, bakinta na motsi. Ta shafe fitilu, ta shafe tayoyi. Daga nan ta ɗan tsaya kamar mai tunani, ta danna murfin wurin zuba mai, ta kafa bakin galan ta tuttule sauran. Haka take yi wa jikokinta in ta ji tsoron kambun baka, a shafa musu, a kuma ba su su sha. Wadha ba ta san komai game da inji ba. Tausayin tsohuwar ma ta ji, ta ce a ranta ashe ba ni kaɗai ke tsoro ba. Ta saki labulen.

Hantsi bai gama dubawa ba wayarta ta yi ƙara.

"Wadhu... ina lafiya, kar ki tsorata." Mishari ne. Ya hau babban titi ke nan yana gudu, motar ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya, ta mutu murus a tsakiyar hanya. Tirelar da ke bayansa da ƙyar ta kauce, iskarta sai da ta girgiza shi. Janwe ne ya kwashi motar zuwa garejin kamfanin a unguwar Shuwaikh.

Ranar Ummu Mishari ta sa aka yanka rago aka rabar. Mishari kuwa yana ta cika baki.

"Ai sai sun sa min sabon inji, laifinsu ne! Motar da ko tankin farko ba ta shanye ba?"

Kwanaki suka yi ta tafiya, kamfani shiru. Yau a ce ana jiran injiniya, gobe a ce an aika samfurin mai ɗakin gwaji. Zafin gari ya tsananta, gidan ya yi wani irin nauyi, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Jawahir ta daina cin abin da Wadha ta dafa.

Ranar da amsa ta zo, Mishari ya shigo bayan La'asar fuskarsa ba annuri. Bai zauna ba.

"Sun ce ba za su gyara ba. Garanti ya faɗi."

"Saboda me?" in ji Jawahir.

"Ruwa suka samu a tanki. Ruwa mai yawa, mai tsabta. Manajan ya ce ba daga gidan mai ba ne, ba kuma raɓa ba ce. Ya kalle ni ya ce, 'Hannu ne ya zuba, ka binciki gidanka.' A gaban mutane ya faɗa min haka!"

Wadha ta ji kamar an watsa mata ƙanƙara. Sai yanzu ta gane abin da ta gani ta taga. Ba ta yi niyya ba idonta ya kai kan surukarta. Kofin gahawar da ke hannun tsohuwar ya karkace yana zuba a kan rigarta ba ta ma sani ba, leɓɓanta sun yi fari.

"La'ilaha illallahu!" Jawahir ta tafa hannu. "Wa ya yi wa motar nan baki a gaban kowa? Wa ya roƙi Allah ta lalace? Da ta ga addu'ar ta yi jinkiri sai ta taimaka mata da hannu! Saura ƙiris ki kashe mana shi, muguwa! Ɗan'uwanki ya tafi, namu ma so kike ya bi shi?"

"Jawahir, ya isa!" Mishari ya daka mata tsawa. Ya juyo, muryarsa ta yi laushi. "Wadhu, na san ba za ki aikata ba. Rantse musu kawai a wuce wurin."

"Wallahil azim ban zuba komai a motarka ba. Ko taɓa ta ban yi ba."

Ya sauke ajiyar zuciya. Amma Jawahir ba ta gama ba.

"Wayo! Ai ana sa wani. Ta rantse ba ta san wanda ya zuba ba."

Duk suka zuba mata ido. Wadha ta sunkuyar da kai. Rantsuwar ƙarya ba ta cikin abin da za ta iya. Gaskiyar kuma, in ta faɗe ta, ta nuna uwa da yatsa ke nan a gaban 'ya'yanta ta ce ga wadda ta kusa kashe ɗanta tilo. Tsohuwa mai hawan jini, wadda duk unguwa ke kawo wa yara tofi. Kafin Magariba labarin zai zaga kowace diwaniya ta Jahra, wato zauren hirar maza, maza suna kurɓar shayi suna dariya.

"Wannan kam ba zan rantse ba," ta ce, kanta a ƙasa.

"Kin sani ke nan?" Idon Mishari ya kaɗa ya yi ja. "Wa kike rufa wa asiri a kan raina? Wadha, magana nake miki!"

"Ka yi haƙuri."

"Haƙuri? Shi ke nan abin da za ki ce?" Ya juya mata baya. "Ina ba ki zuwa Juma'a. In kin faɗa, shi ke nan. In ba ki faɗa ba, ki haɗa kayanki in kai ki gidanku. Ba zan kwana da wadda ke ɓoye mai neman raina ba."

Ummu Mishari ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango ta shige ɗakinta.

Mishari ya ƙaura diwaniya da kwana. Wadha ba ta fasa komai ba. Ta wanke farar rigarsa ta goge, ta turara ta, ta aika masa. A sujada ne kawai take sakin kukanta. Wani lokacin Shaiɗan ya raɗa mata, kalma ɗaya ce fa, ki faɗa ki huta, ita da ta yi shiru ta damu da ke ne? Sai ta yi a'uziyya ta tashi ta kama wani aiki.

Ranar Alhamis da yamma ta kai wa surukarta madara da magani. Ɗakin da duhu, an saki labule. Tsohuwar ta rame kamar wadda ta yi jinya. Wadha ta ajiye za ta fita, ta ji an riƙe mata gefen riga.

"Labulenki ya motsa ran nan," in ji tsohuwar, muryarta can ƙasa.

"Iska ce, Khalti," in ji Wadha, da sunan girmamawar da take kiran surukarta da shi.

"A ɗakin da ba a buɗe taga?"

Wadha ta durƙusa ta gyara mata filo.

"Sha maganinki kar madarar ta huce."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Ta juya fuska bango.

Juma'a ta zo da wata iska mai zafi, sama ta yi jaja-jaja. Bayan an sauko daga masallaci 'yan'uwa mata suka cika falo kamar yadda aka saba, sai dai yau ba mai dariya. Akwatin Wadha na bakin ƙofa. Jawahir ta riga ta kai wa kowa rahoto, har da ƙarin cewa takardar saki za ta biyo baya.

Mishari ya shigo da makullin tsohuwar motar gidan a hannu. Kallo ɗaya za ka yi masa ka san shi ma bai yi barci ba.

"Wadhu," ya ce a hankali, yadda ba mai ji sai ita, "don Allah. Suna kawai. Ko wane ne na yafe. Kar ki sa in yi abin da zai kashe ni."

Hawaye suka zubo mata. Ta girgiza kai.

"Bari in yi wa Khalti sallama."

Ta je gaban tsohuwar ta durƙusa, ta sumbaci kanta.

"Khalti, ki yafe min abin da na yi miki, na sani da wanda ban sani ba. Maganinki na jera a kan firij. Farin da safe ne, kar ki sha shi ba ki karya ba, jiri yake sa ki. Na nuna wa mai aiki yadda kike son gahawarki, amma sai an tuna mata ta rage citta."

Ta miƙe. Taku biyu ta yi.

"Tsaya!"

Ba wanda ya taɓa jin Ummu Mishari ta ɗaga murya haka. Ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba, ta shiga ɗakinta, ta fito da galan ɗin Zamzam, wayam, ta dire shi a tsakiyar darduma.

"Ga mai neman ranka, Mishari. Ni ce."

"Yumma?!"

"Ni na zuba! Na ga idon mutane a kanka, tsoro ya kama ni. Na ce in shafa mata in kuma ba ta ta sha, yadda nake maka kana yaro. Ban sani ba, wallahi ban sani ba!" Kuka ya ci ƙarfinta. "Yarinyar nan tana kallona ta taga. Ta sani tun ranar da ka kawo labari. Na yi shiru don kunya, ina ji ana yanka ta a gabana. Ita da ba ni na haife ta ba ta zaɓi aurenta ya mutu a kan a yi min dariya, ni kuma na zaɓi fuskata. Me zan ce wa Ubangijina?"

Makullin ya suɓuce daga hannun Mishari. Jawahir ta zame ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sai tsohuwar ta yi abin da ba a taɓa gani ba a gidan. A wurinsu yaro ne ke sumbatar kan babba. Ita ta tako har gaban Wadha, ta kama kanta da hannu biyu, ta sunkuyar da shi ta sumbata.

"Khalti, don Allah ki bari!" Wadha ta rungume ta suna kuka tare.

Mishari ya ɗauki akwatin da kansa. A ƙafar bene ya tsaya, ya kasa haɗa ido da matarsa.

"Wadhu, ban san da wane baki zan..."

"Kai shi sama tukuna," ta ce tana share hawaye. "Akwai nauyi, kuma kai ka sa na cika shi."

Daga baya Jawahir ta ba shi shawara ya koma kamfani ya ɗora wa gidan mai laifi, ko Allah zai sa su gyara. Ya ce a'a, zargin wanda bai ji ba bai gani ba ya ishe shi haka. Ya je ya gaya wa manajan cewa daga gidansa ne, ya sayar da motar yadda take, bai sake kallon irinta ba. Ita kuwa Ummu Mishari, tun daga ranar ba ta ƙara kiran Wadha matar ɗana ba, sai 'yata. Duk wanda ya taɓa ta a gidan, da tsohuwar zai yi.

'Yan'uwana mata, Wadha ba ta yi rantsuwar ƙarya don ta tsira ba, ba ta kuma tona asirin babba don ta wanke kanta ba. Ta riƙe gaskiya da sutura a lokaci guda, ta bar wa Allah sauran, Shi kuma ya buɗe bakin da ya kamata ya buɗe. Mu kuma iyaye, in mun yi kuskure mu faɗa da wuri, kar kunyarmu ta rushe ɗakin 'ya'yanmu. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.