Wace ce Tabawa?

A wani ƙauye na bakin kogi, duk mai tsallake mashigi sai ya ce, "Allah ya jiƙan Tabawa." Wata yarinya ta so ta san wace ce ita.

Ta tambayi masunci, ya ce, "Haka muka taras." Ta tambayi mai wanki, ya ce, "Haka muka taras, sarkin tambaya!"

Ba ta gaji ba, ta je wurin wata tsohuwa.

"Kaka, wace ce Tabawa?"

"Ruwan nan ya ci ɗanta, jikata. Tun daga ranar, kullum takan ajiye dutse ɗaya a mashigin. Su kuke takawa. Ni kaɗai na rage da na sani."

Washegari aka ga yarinyar da dutse a ka, ƙawayenta na biye, tana ba su labarin.