Ramar Mas'ud

"Huseina, mi kika yi ma ɗana?!"

Ko sallama surukata Inna Batula ba ta ƙarasa ba. Tun daga Tamawa ta taso har gidanmu a Dutsin-Ma, ƙwaryar man shanu a hannu, idonta ƙyam a kan mijina.

"Inna, sannu da hanya... ki zauna tukuna."

"Ba ni zama! Wata biyar da aure ango ya zube haka? Ina tumbin da na kawo maki shi da shi?"

Gaskiya ta faɗa. Mas'ud ya rame, kuma aikina ne. Duk man shanun da take aiko mana, maƙwabta nake raba wa. Tuwonsa sai miyar ganye da gasasshen kifin dam ɗin Zobe, da la'asar kuma in tasa shi gaba ya zaga unguwa a ƙafa. A wurin Inna kuwa, macen da mijinta ya rame ba ta sonsa, magana ta ƙare. Ni ko ina son Mas'ud har ban san yadda zan faɗa ba.

"Tashi mu tafi gida," ta ce masa. "In ita ba ta iya ci da kai, ni ban manta ba."

Na harare shi. Shi ya hana ni gaya mata tun farko, wai kada hankalinta ya tashi. Ga shi yanzu sai sosa ƙeya yake.

Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, laifina ne. Ciwon kai ya kai ni ƙaramin asibiti a Kurfi. Ma'aikaciyar lafiyar wurin, Malama Fauziyya, ta gwada hawan jini, ta auna ƙuguna, ta sa aka ɗebi jinina. Ta ce kitse ya yi yawa a ciki, yana iya toshe jijiyar zuciya. Ta ɗora ni kan magani, ta ce in rage maiƙo..."

"Man shanun da na raine ku da shi?"

"Sai ta tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa farat ɗaya a gidanmu, da sauran ƙarfinsa."



Mahaifin Mas'ud a gona ya faɗi, dafe da ƙirji, bai cika hamsin ba.

"Ta ce abin yana bin jini, Inna. Da na gaya ma Huseina, kuka ta yi har ta gaji, sannan ta ce ita ba ta yi aure don takaba ba."

Inna ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta miƙo mini hannu.

"Zo nan, ɗiyata... Ashe riƙe mani shi kike, ni ina ta zaginki a zuci. Allah shi yi maki albarka!"

Na faɗa jikinta muka yi ta kuka, Mas'ud yana ta washe baki. Can Inna ta ɗago kai da sauri.

"Kai, bin jini ka ce? To Dalhatu da Sabitu fa?"

Washegari da hantsi sai ga yayyen mijina biyu, ƙarti masu gemu, Inna ta jera su a bencin asibitin Kurfi suna ta ƙunƙuni.

Mas'ud ya matso kusa da kunnena. "Hasken idona, kin ga abin da kika ja masu?"

Na danne dariya da gefen mayafi.

"Malama, ga su nan," Inna ta ce wa Malama Fauziyya, tana naɗe hannun rigarta. "In kin gama da su ki auna ni. Ban zuwa ko'ina sai na goya 'ya'yan Huseina!"