Inda Zuciyar Nadhirah Ta Tafi

A ɗan ɗakin da asibiti ke kai dangi idan labari ba mai daɗi ba ne, nan Hazim ya fara ganin Izzati. Ƙanwarsa Nadhirah na kwance a hawa na sama, mota ta buge babur ɗinta a hanyar garin Alor Setar. Likitoci sun riga sun ce ƙwaƙwalwarta ta mutu, na'ura ce kawai ke hura mata numfashi.

Izzati ce ma'aikaciyar jinyar da ke tunkarar iyalai da maganar kyautar sassan jiki. Ta zauna, ta bar mahaifiyarsu, Mama Salbiah, ta yi kuka son ranta, sannan ta tambaya wace irin yarinya ce Nadhirah. A nan Hazim ya tuna ƙanwarsa ta taɓa cewa in ta rasu a ba mabuƙata sassan jikinta. Mama ta amince, muddin za a dawo mata da 'yarta ta yi mata wanka da hannunta, a binne ta kafin la'asar. Izzati ta tsaya tsayin daka har aka cika alkawarin.

Sai bayan watanni suka sake haɗuwa, a layin mai sayar da laksa, wata taliya mai romo. Hazim ya tsaya kame-kame gaban Izzati, har mai abincin ta ce ko ya saya ko ya ba masu yunwa wuri. Daga ranar waya ta ɗauki zafi.

"Hasken idona, kin ci abinci, ko yau ma shayi ne?"

"Shayi da tunaninka, Yaya. Na ƙoshi."

Damuwar tana gida. Tun da Mama ta ga ɗinkin ƙirjin 'yarta ranar wanka, ba ta sake samun sukuni ba. In Hazim ya kai ta kasuwa, sai ya ga tana tsura wa 'yan mata ido, ko a cikin ɗayansu zuciyar take. Da ya kawo maganar auren Izzati, ta ce ga 'yar ƙanwarta malamar makaranta, me zai yi da mai jiran mutuwar 'ya'yan mutane? Ya yi ta lallashi har ta sauko, amma da sharaɗi: Izzati ta faɗa mata wanda aka sa wa zuciyar Nadhirah.

Izzati ba ta ɓoye masa ba, ta san sunan. Amma a aikinsu gidan da ya bayar da gidan da ya karɓa ba sa sanin juna, don kada makokin wasu ya bi marar lafiya har ɗakinsa. Hazim ya roƙa, ya yi fushi, ya ce suna ɗaya ne fa, ba mai ji. Sai ga saƙonta.

"Yaya, ina sonka, Allah ne shaidata. Amma ranar da na yi wa Mama alkawari, na yi wa wani gida nasu. In na karya nasu, wace maganata za ka sake yarda da ita? Ka yafe mini."

Ya ƙaurace mata, rabuwar kuwa shi ta fi ci. Ya daina cin abincin kirki, ya rame. Da Mama ta matsa masa da tambaya, ya miƙa mata wayar. Ta karanta, ta ɗauki mayafi, ta ce ya kai ta asibiti.

A ɗan ɗakin nan dai Izzati ta same su. Ita ma ta rame, Hazim ya ji kunya ta kama shi.

"Sunan na zo karɓa," in ji Mama.

"Ba zan iya ba, Mama."

"Ko da za ki rasa shi?"

Izzati ta ɗago ta dubi Hazim, idonta ya cika, ta sunkuyar da kai. Mama ta gyara zama ta fuskance ta.

"To, faɗa mini abin da za ki iya. Tana bugawa?"

"Tana bugawa, Mama. Wanda aka sa wa ya koma gida da ƙafarsa."

Mama ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza. A hanyar gida ta ce wa Hazim da an ba ta sunan, da kullum tana ƙofar gidan bayin Allah, kuma ba za su iya korarta ba. Sannan ta ce ya sanar da kawunnansa su shirya zuwa tambayar auren Izzati.

Ranar biki ango da amarya suka zauna a kan gadon ado, manya na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yayyafa musu ruwan wardi da shinkafa. Da layi ya zo kan Mama, ta yayyafa, amma ba ta wuce ba. Ta rungume Izzati, ta kwantar da kunnenta a ƙirjinta, tana saurare, na bayanta suna jira.

"Allah Ya yi muku albarka, 'yata," ta ce, ba ta ɗago ba.